Marai ba sata ya yi ba, ajiye masa aka yi

Tambaya: Malam, ni malamar firamare ce a nan Jos. Akwai wata bishiya a harabar makarantarmu da marai suka cika ta da sheƙa. Tun da damina ta kankama yara ke tsintar fasassun ƙwai a gindinta. Kwanan nan kuma muka ga macen marai tana ciyar da wani ɗan tsuntsu da sam bai yi kama da ita ba: bayansa kore mai sheƙi, cikinsa dabbare-dabbare, bakinsa ja. Yara suka ce sato shi ta yi, irin na hankaka mai da ɗan wani naka, wasu har sun fara neman danƙo. Mene ne gaskiyar abin, me kuma zan gaya musu?

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri da kika tsaya tambaya kafin danƙo ya yi aiki. Marai, ko kabare kamar yadda wasu ke kiransa, bai saci ɗan kowa ba. Ajiye masa aka yi tun yana ƙwai, ba tare da saninsa ba. Siffar da kika bayar, musamman jan bakin nan, ta ɗan tsuntsun da masana ke kira didirik ce, ɗaya daga cikin dangin tsuntsayen da Turawa ke ce wa kuku. Babban namijinsa kore ne sharr mai ƙyalli, cikinsa fari, idonsa ja. Kin sha jin kukansa ko da ba ki taɓa ganinsa ba: siririn fito mai hawa sama, di-di-di-didirik, daga kan dogayen itatuwa da rana tsaka. Ba ya shekara a wajenmu. Da damina yake bayyana, daidai lokacin da marai ke saƙa, in rani ya shigo kuma ya yi kudu.

Tsuntsayen kuku sun kai jinsi 140 ko fiye a duniya, amma kusan 60 ne kawai daga ciki ba sa yin sheƙa, ba sa kwanci, ba sa reno. Sauran suna wahalar 'ya'yansu kamar kowa. Ragon maza, wanda kike jin kukansa a cikin ciyayi da kwazazzabai, ɗan wannan dangi ne, kuma shi ke gina sheƙarsa, namijin ma ya fi macen ɗaukar nauyin kwanci da ciyarwa. Idan aka haɗa da sauran dangogi, tsuntsayen da suka dogara kacokan ga renon wasu sun kai jinsi 100, wato kusan ɗaya cikin ɗari na tsuntsayen duniya.

Aikin macen kuku ya fi ƙarfin a ce lalaci ne. Kwana da kwanaki take yi a ɓoye cikin ganye tana lura da sheƙoƙi, wacce aka gama saƙawa, wacce aka fara saka ƙwai a ciki. Lokaci shi ne komai a wurinta. In ta riga mai sheƙa sakawa, to an gane, domin tsuntsuwa ta san ba ta haifi komai ba tukuna. In kuma ta makara har kwanci ya yi nisa, 'ya'yan gida za su riga nata fitowa su fi ƙarfinsa. Saboda haka sai ta daidaici 'yan kwanakin da mai sheƙa ke kan sakawa, ta jira ta fita kiwo, ta faɗa, ta ɗauke ƙwai ɗaya da baki, ta ajiye nata, ta fice. A kukun Turai, wanda aka fi yi wa bincike, duk wannan bai fi daƙiƙa 10 ba. Wani Baturen Ingila, Edgar Chance, shi ya fara ɗaukar fim ɗin abin a 1921, a shekara ta gaba kuma ya bi wata mace guda har ta saka ƙwai 25 a kakar haihuwa ɗaya, kowanne a sheƙa daban. Kafin aikinsa mutane da yawa sun ɗauka a ƙasa take sakawa ta ɗauko da baki.

Shi kansa ƙwan an shirya shi don wannan aiki. Ƙarami ne in aka gwada da girman uwar, don ya saje da na mai gida. Ɓawonsa ya fi kauri, saboda kada ya fashe in ya faɗa da sauri, kada kuma mai sheƙa ta huda shi cikin sauƙi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne uwar kan riƙe ƙwan a cikinta na ƙarin yini guda bayan ya kammala, cikin zafin jikinta na kusan digiri 40. Kwanci ya fara ke nan tun ƙwan bai ga sheƙa ba. Shi ya sa cikin kwana 11 zuwa 12 ɗan kuku ya ƙyanƙyashe, yawanci kafin 'ya'yan gida.

Abin da ke biyo baya ba shi da daɗin gani. Ɗan tsuntsun nan tsirara yake, ido bai buɗe ba, amma cikin kwanakinsa na farko duk abin da ya taɓa bayansa, ƙwai ne ko ɗan'uwan kwana, sai ya shiga ƙarƙashinsa ya goya shi a wani ɗan kwarmi da ke gadon bayansa, ya tokare da ƙafafu, ya ja da baya yana hawa bangon sheƙa har ya tunkuɗa shi waje. Ya huta, ya koma ga na gaba. Mai sheƙa tana iya kasancewa a wurin tana kallo ba ta hana ba. Bayan 'yan kwanaki wannan ɗabi'a ta ɓace masa gaba ɗaya, kwarmin ma ya cike. Wanda ya fara bayyana wannan dalla-dalla a rubuce, a 1788, shi ne likita Edward Jenner, mutumin da ya samo rigakafin agana, kuma an daɗe ana musanta shi kafin hotuna su gaskata shi. Ɗan didirik ma haka yake yi. Don haka wasu daga ƙwayayen da yaranki suka tsinta aikinsa ne. Amma ba duka ba, zan dawo kan wannan, domin a nan ne labarin ya fi daɗi.

Tambayar da kowa ke yi ita ce: ta yaya mariƙiya ba ta gane ba ɗanta ba ne? A Turai akwai wani ɗan tsuntsun fadama mai nauyin giram 12 kacal da ke ciyar da ɗan kukun da ya ninka shi sau bakwai ko takwas, har kansa na shigewa cikin bakin ɗan in zai ba shi abinci. Mu da ido muke gane ɗa. Tsuntsuwa mai reno ba haka take aiki ba. Buɗaɗɗen baki mai launi a cikin sheƙarta, da kukan yunwa, su ne ke tayar mata da neman abinci, kuma ɗan kuku ya ƙware a kan duka biyun. Farfesa Nick Davies na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa sun nuna cewa kukan ɗan kuku guda ɗaya, saboda saurinsa, yana kama da kukan sheƙa guda cike da 'ya'ya masu yunwa. Sun gwada abin: suka sa ɗan wani tsuntsu dabam mai girman ɗan kuku a sheƙa, mariƙa suka riƙa kawo masa abinci kaɗan. Da aka kunna kukan ɗan kuku a ƙaramar lasifika kusa da sheƙar, nan take suka ƙara himma.

Akwai kuma wani dalili da nake ganin ya fi zurfi. Tsuntsuwa ba ta da madubi, ba a kuma haife ta da cikakken hoton ɗanta a kai ba. In da za ta koyi kamannin ɗa daga haihuwarta ta fari, sai a yi rashin sa'a ta farin nan ɗan kuku ne shi kaɗai a sheƙa, to ta koyi kuskure ke nan, kuma duk 'ya'yanta na gaskiya da za su biyo baya ƙin su za ta yi har ta mutu. Asarar hakan ta fi asarar renon baƙo sau ɗaya. Ciyar da duk bakin da ya buɗe a sheƙarka ƙa'ida ce mai kyau a mafi yawan lokaci, kuku kuwa ta wannan ƙofa ya shigo.

To amma kada yara su tafi da tunanin marai wawa ne. Wannan shi ne abin da na fi so su riƙe. Ɗan didirik ɗin da kuka gani shi ne wanda ya tsallake. Waɗanda ba su tsallake ba suna nan a gindin bishiya, a fashe, kuma marai ne ya jefo su.

Tsaron yana farawa tun daga waje. Marai ba sa zama ɗai-ɗai, gari guda suke yi a bishiya, kuma da macen didirik ta gifta za ki ji wurin ya kaure da hayaniya, a bi ta da sara har sai ta bar unguwar. Ƙofar sheƙar ma a ƙasa take kuma matsattsa ce, wasu jinsunan marai har doguwar hanya kamar hannun riga suke saƙa mata. Wasu kuku sun samo maganin kora ta wata hanya: kukun Turai da ɗan'uwansa na Afirka launin toka ne, ƙirjinsu da zane-zane, idonsu rawaya, tashinsu sak na shaho. Ƙananan tsuntsaye kan yi shakkar matsowa, kuma 'yan daƙiƙun shakkar nan sun ishe ta.

Babban tsaron yana kan ƙwai. In kin taɓa duba ƙwayayen marai da yawa za ki ga ba iri ɗaya ba ne. Na wata fari, na wata shuɗi-shuɗi, na wata kore-kore, wani fes, wani da ɗigo manya, wani da ɗigo ƙanana. Amma kowace mace iri ɗaya take sakawa duk rayuwarta, ta kuma san nata. Abin ya yi kama da takardar kuɗi da masu buga jabu: duk lokacin da jabu ya matso kusa da na gaske, sai a ƙara wa na gaske wata alama. Macen didirik ita ma launi ɗaya take iya sakawa, ba ta iya sauya shi don ta ga na mai gida. In ta dace da sheƙar da ƙwanta ya saje, ta ci. In ba ta dace ba, marai ta huda shi ta jefar. Wani masani, David Lahti, ya nuna cewa didirik ne ke riƙe wannan bambanci a raye. An taɓa kai irin marai ɗinmu tsibirin da ƙasar Haiti take a ƙarni na 18, aka kuma kai shi tsibirin Morishiyos a 1886, wuraren da babu didirik. Da ya gwada ƙwayayensu da na nahiyar Afirka, sai ya tarar alamar ta fara dusashewa: na mata daban-daban sun ƙara kama da juna, na mace guda kuma sun rage daidaituwa. Da barazana ta kau, tsaro ya sassauta.

Wani lokaci ma mai gida ne ke kan gaba nesa ba kusa ba. Akwai baƙin tsuntsun nan mai wutsiya a tsage da jan ido, wanda ke zama kan reshe ko waya yana cafke ƙwari, ba ya tsoron korar shaho. Shi kukun Afirka ke ajiye wa ƙwai, kuma kwaikwayon yana da kyau ƙwarai, amma binciken da aka yi a Zambiya ya nuna mai gidan na gano fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwan baƙo. Me ya sa duk tsuntsaye ba su kai haka ba? Domin jefar da ƙwai yana da haɗari. Mai saurin zargi wata rana nata za ta jefar. Inda kuku ke da yawa zargi na biya, inda ya yi ƙaranci haƙuri ya fi riba, shi ya sa takarar ba ta ƙarewa.

Batun hankaka kuwa, yaranki sun taɓo wani abu mai tushe. Hankaka yana saka ƙwai, yana kwanci, yana renon nasa, ba ya satar ɗan kowa don reno. Amma akwai wani babban kuku mai tukku, bayansa da fararen ɗigo, wutsiyarsa doguwa, wanda a Afirka hankaka na cikin manyan waɗanda yake ajiye wa ƙwai. Ɗansa ba ya tunkuɗa kowa waje, tare suke tashi da 'ya'yan hankaka, sai dai yakan riga su fitowa ya fi su cin abinci. Ra'ayina shi ne magabata sun ga hankaka da ɗan da ba irinsa ba da idonsu, ganin gaskiya ne, sai dai laifin ya faɗa kan wanda aka cuta. A Sifen ma an gano ɗan wannan kuku yana fitar da wani baƙin ruwa mai wari in an taɓa shi, wanda ke korar kyanwa da sauran maharan sheƙa, har a shekarun da mahara suka yi yawa sheƙar hankakan can mai baƙo a ciki ta fi tsira.

Mu mutanen Jos muna da namu labarin da babu irinsa, kuma ina jin takaicin yadda 'yan makarantarmu ba su san shi ba. Ba kuku kaɗai ke wannan ɗabi'a ba. Zalaiɗu, mai doguwar wutsiyar nan, shi ma ba ya sheƙa, haka 'yan'uwansa ƙanana waɗanda namijinsu baƙi ne wuluk mai ƙyalli, macen kuma kamar gwara. Su ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba suke ajiye wa ƙwai, irin su baiwar Allah, jar 'yar tsuntsuwar nan da ke shigowa tsakar gida. Dabararsu dabam ce. Ɗansu ba ya kashe kowa. A cikin bakin 'ya'yan mai gida akwai ɗigo-ɗigo da launuka na musamman ga kowane jinsi, shi kuma baƙon da irinsu yake fitowa, sai a ciyar da shi tare da 'yan gida. Yana tashi yana jin waƙar uban riƙonsa, ya haddace ta. In ya girma namiji ne, da ita zai yi zawarci. In mace ce, namijin da ke rera waƙar gidan da ta tashi za ta zaɓa, kuma a sheƙar irin tsuntsun da ya rene ta za ta saka ƙwai. Ke nan in kin saurari namijin da kyau, waƙarsa za ta gaya miki wa ya rene shi.

Ta haka aka gano sabon tsuntsu a nan Filato. Wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya ji irin wannan baƙin tsuntsu a yankin Jos yana rera waƙar da ba ta dace da ta kowace baiwar Allah da aka sani ba. Ya ce lalle akwai mai waƙar a wani wuri. Aka bi sawu har aka same ta a cikin duwatsu: dangin baiwar Allah ce, namijin bayansa ja, kansa toka-toka. A 1998 aka shigar da ita littafin kimiyya a matsayin sabon jinsi. Baƙin tsuntsun kuma sunan tsaunin Jos yake ɗauke da shi a littattafan duniya. Duka biyun suna nan a dajin Amurum kusa da Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI, mai alaƙa da Jami'ar Jos, take tun farkon shekarun 2000. Rayuwar baƙon a ɗaure take da ta mai gida. In aka fasa duwatsun aka ƙone ciyawar da mai gida ke sheƙa a ciki, biyu za a rasa lokaci guda.

Shi ɗan kuku na gaske ba ya koyon waƙar mariƙansa. Didirik ɗinku zai yi kusan mako uku a sheƙa, marai ya ci gaba da ciyar da shi wasu makonni bayan ya fita, sannan ya kama gabansa. Ba zai yi kukan marai ba, ba zai nemi macen marai ba, bai taɓa ganin uwarsa ba amma zai san irinsa. 'Ya'yan kukun Turai ma iyayensu kan riga su tashi da makonni, su kuma su biyo baya su kaɗai, su tsallake teku da Sahara. Tun 2011 ake liƙa wa kuku na Birtaniya 'yar na'ura mai magana da tauraron ɗan'adam, an kuma ga yawancinsu a dazuzzukan Kwango suke cin lokacin sanyin Turai, a hanyar komawa su ratso ta Afirka ta Yamma, wasu ta sararin Nijeriya.

Abin da za ki gaya wa yara, Malama, shi ne su ajiye danƙo. Kashe ɗan ba zai dawo wa marai da ƙwayayen da suka riga suka faɗo ba. Marai kuma ba ya cikin haɗari, yana cikin tsuntsaye mafiya yawa a ƙasar nan, yana iya sake sheƙa a damina guda, kuma kaɗan ne daga sheƙoƙin bishiyarku baƙo ya shiga. Didirik yana da amfaninsa ga manomi: gizaka, wadda yawancin tsuntsaye ke gudu saboda gashinta, ita ce babban abincin dangin kuku. Namijin ma da tsutsa a baki yake zuwa neman mace. Kada kuma a auna tsuntsu da ma'aunin mutum a kira shi azzalumi. Ɗan da ke tunkuɗa ƙwai ido rufe bai zaɓi komai ba, haka Allah ya tsara masa hanyar rayuwa, kamar yadda ya tsara wa marai idon gane jabu.

Bishiyar nan ta ishe ku darasin zango guda. Ku samu littafi, yara su riƙa rubuta ranar da suka fara jin kukan didirik da ranar da ya ɗauke. Su tattara ɓawon da ke faɗowa, ba tare da hawa bishiya ko taɓa sheƙa ba, su jera su bisa launi da ɗigo, su ga iri nawa za su samu daga bishiya ɗaya. Su lura da abin da ke tayar da hayaniyar marai. In hali ya yi, ki rubuta wa cibiyar da ke Laminga ki nemi izinin kai su ziyara, ki kuma daidaici ƙarshen damina zuwa kaka, domin a lokacin ne namijin baƙin tsuntsun Jos ke cikin kayan aurensa yana rera waƙa, a rani kuwa launin macen yake komawa, gane shi sai gwani.